Yadda Za Ka Fasa Kalmomin Turanci Masu Farawa da Harafin I Ka Ciro Ma'anarsu

Duk wanda ya taɓa buɗe ƙamusun Turanci ya iso babin harafin I, zai ga shafi bayan shafi kalmomin da *in* suke farawa, ko *im*, ko *il*, ko *ir*. Akwai dalili. Yawancinsu ba ƙwaya ɗaya ba ne, haɗi ne na ɗafa-goshi (ɗan guntun da ake liƙawa a farkon kalma) da saiwa (tushen kalmar) da Turanci ya gado daga Latin, harshen Rumawan da, wasu kai tsaye, wasu ta hanyar Faransanci. Shi ya sa nake tausaya wa ɗalibin da ke shirin WAEC ko JAMB ya zauna yana haddar jerin kalmomi ɗari biyu, bayan mako guda ya nemi rabinsu ya rasa. Wanda ya iya fasa kalma ya fi wanda ya haddace ta, domin shi ko kalmar da bai taɓa gani ba zai iya laluben ma'anarta. Ga yadda ake yi.

Mataki na 1: Fara da gyara furuci

Harafin I a farkon kalma amo biyu ya fi ɗauka. Akwai "ai", kamar a *idea* wato ra'ayi ko dabara, *item* wato abu guda cikin jeri, *ivory* wato hauren giwa, da *identity* wato shaidar ko kai wane ne. Akwai kuma gajeren "i" irin namu, kamar a *ink* tawada, *ill* mara lafiya, *image* hoto ko siffa.

Kalmomi uku ne ke yawan kayar da mutane. *Island*, tsibiri, "ailan" ake cewa da ɗan "d" a ƙarshe, ba a furta "s". *Iron*, ƙarfe ko dutsen guga, Turawan Ingila "ayan" suke cewa. *Indict*, gurfanar da mutum bisa tuhuma, "indait" ne, "c" ɗin rubutu kawai ya sha. Sannan mu Hausawa sai mun kula da "p" da "f", tunda harshenmu bai raba su ba: *impact*, tasiri, daban yake da *in fact*, a gaskiya. Haɗe leɓɓanka biyu a ta farko, ka ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa a ta biyu. Ka kuma tuna cewa *I* mai nufin "ni" kullum da babban baƙi ake rubuta shi, ko a tsakiyar jimla ya faɗo.

Mataki na 2: Tattara waɗanda ka riga ka mallaka

Ka san kalmomin I fiye da yadda kake zato. Tafinta daga *interpreter* ya fito. Sufeto daga *inspector*. Inshora daga *insurance*, inci daga *inch*, intanet daga *internet*, intabiyu daga *interview*. Infoma, wadda matsalar tsaro ta sa ta zama ruwan dare a bakin mutane, daga *informer* take.

Sauran suna cikin wayarka. *Inbox* akwatin shigowar saƙo, *install* girka manhaja, *incoming call* kira mai shigowa, *ignore* yin biris. Idan mai POS ya miƙo maka takarda an rubuta *insufficient funds*, kuɗin da ke asusun bai kai ba. *Incorrect PIN* lambar sirrin ba daidai ba ce. *Invalid* abin da ka shigar ba karɓaɓɓe ba ne. Rubuta waɗannan ukun na ƙarshe a gefe, da su za mu shiga mataki na gaba.

Mataki na 3: Gane *in* mai kore ma'ana

A Hausa idan muka ji "ma" a goshin kalma, kamar a makaranta, mabuɗi, manomi, mun san wuri ne ko kayan aiki ko mai yin abu. Haka *in* yake a Turanci, sai dai aikinsa na farko shi ne korewa, kamar a ce "mara" ko "rashin". *Correct* daidai, *incorrect* ba daidai ba. *Sufficient* isasshe, *insufficient* wanda bai isa ba. *Visible* mai ganuwa, *invisible* wanda ido ba ya gani. *Justice* adalci, *injustice* zalunci. *Dependent* mai dogaro da wani, *independent* mai cin gashin kansa, daga nan *independence*, 'yancin kan da Nijar ta samu ranar 3 ga Agusta 1960, Nijeriya kuma ranar 1 ga Oktoba na shekarar.

To me ya kawo *im* da *il* da *ir*? Nan ne wanda ya yi Islamiyya yake da riba, domin ya san dokar tun yana yaro. A tajwidi, nunun da ke da sukun idan ya haɗu da "ba" sai ya koma mimun, shi ne iƙlabi. Idan ya haɗu da lamun ko ra'un sai ya narke a cikinsu, shi ne idgami. Abin da ya faru da "n" na *in* ke nan a Latin, kusan ƙafa da ƙafa.

Gaban "b" da "p" da "m", sai ya zama *im*: *imbalance* rashin daidaito, *impossible* abin da ba zai yiwu ba, *impatient* mara haƙuri, *immature* wanda bai nuna ba ko bai mallaki hankalin kansa ba, *immortal* wanda ba ya mutuwa. Gaban "l" sai ya zama *il*: *illegal* haramtacce a doka, *illiterate* wanda bai iya karatu da rubutu ba, *illegible* rubutun da ba ya karantuwa. Gaban "r" sai ya zama *ir*: *irregular* wanda ba ya bin tsari, *irrelevant* wanda bai shafi zancen ba, *irresponsible* wanda bai san ciwon kansa ba.

Mu ma muna yin haka, masana nahawunmu suna kiransa naso. Muna rubuta "gidan Bala" amma bakinmu "gidam Bala" yake faɗa. Wannan fahimtar tana kuma gyara rubutu. Wanda ya san *illegal* haɗin *il* da *legal* ne ba zai rubuta shi da "l" ɗaya ba, kuma ba zai manta "r" biyu a *irregular* ba.

Abin yi a aikace shi ne ka rufe ɗafa-goshin da yatsa ka duba ragowar. In kalma ce da ka sani, musamman siffa, to mai yiwuwa korewa ce.

Mataki na 4: Gane *in* mai nufin "ciki"

Wani lokaci ka rufe goshin sai ka ga ragowar ba kalmar Turanci ba ce, ko kuma korewar ba ta ba da ma'ana. To ka ci karo da *in* na biyu, mai nufin "ciki" ko "zuwa ciki". Ya fi zuwa a kan aikatau, kuma shi ma yana yin naso irin na ɗan'uwansa.

A nan sai ka riƙe 'yan saiwoyin Latin kaɗan. *Port* ɗauka, saboda haka *import* shigo da kaya daga waje. *Ject* jifa, *inject* tura magani cikin jiki, *injection* allura. *Spect* kallo, *inspect* duba cikin abu da kyau, ga asalin sufeto ya fito fili. *Clud* rufewa, *include* rufe abu a ciki, wato haɗawa da shi. *Vad* tafiya, *invade* kutsawa da mamaya. *Scrib* rubutu, *inscribe* zana rubutu a jikin dutse ko ƙarfe. *Spir* numfashi, *inspire* hura wa mutum ƙwarin gwiwa. *Migr* ƙaura, *immigrant* wanda ya shigo wata ƙasa don zama, abin da ya sa ake kiran hukumar shige da fice *Immigration*. Wanda ya bar ƙasarsa *emigrant* ne. Mutum ɗaya ne, ya danganta da gefen iyakar da kake tsaye.

Mataki na 5: Kiyayi tarkuna

Wannan ne matakin da ya fi cancantar ka daɗe a kansa, domin a nan dokar yatsa take yaudara.

*Inflammable* ita ce mafi hatsari. Ana rubuta ta a jikin tankokin mai, kuma wanda ya bi dokar korewa zai ɗauka abin ba ya kama wuta. Akasin haka ne. *Inflammable* da *flammable* ma'anarsu ɗaya, abu mai saurin kamawa da wuta, domin *in* ɗin na biyu ne, daga aikatau *inflame*, kunna wuta. Wanda ba ya kamawa shi ne *non-flammable*. Wannan kalma ɗaya ta isa dalilin koya wa yaran gida wannan darasi, musamman inda ake ajiye fetur ko tukunyar gas.

*Invaluable* ba ta nufin mara daraja. Abu ne da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. In shugabanka a wurin aiki ya rubuta cewa gudummawarka *invaluable* ce, yabo ne babba. Mara daraja shi ne *worthless*.

*Infamous* ba wanda ba a sani ba ne, wanda ya yi ƙaurin suna ne. *Indifferent* ba ta da alaƙa da rashin bambanci a yau, halin ko-in-kula take nufi. *Inhabited* wuri ne da mutane ke zaune a cikinsa.

'Yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci su ƙara kula da wannan ta ƙarshe, domin *inhabité* a Faransanci kango ne da ba kowa. Haka *ignorer* a can rashin sani ne, amma *ignore* a Turanci ka sani sarai ka kau da kai. *Injure* a Faransanci zagi ne, a Turanci ji wa mutum rauni.

Sai tagwaye masu kama da juna. *Ingenious* mai hikima da dabara, *ingenuous* mai farar zuciya da ba ya zargin kowa. *Incredible* abin da ke da wuyar gaskatawa, *incredulous* mutumin da ya kasa gaskatawa. *Industrial* abin da ya shafi masana'antu, *industrious* mai ƙwazon aiki. *Imminent* abin da ke dab da aukuwa, *eminent* fitaccen mutum. *Illicit* haramtacce, *elicit* zaƙulo amsa daga bakin wani. *Imply* da *infer* kuwa kamar mai jifa ne da mai cafewa: mai magana shi ke *imply*, ya yi hannunka-mai-sanda, mai sauraro shi ke *infer*, ya ɗauko abin da aka sakaya. *Interesting* abu ne mai ban sha'awa, *interested* kai ne da sha'awar ta kama. *Its* mallaka ce, nasa ko nata ga abin da ba mutum ba, *it's* kuma taƙaitawar *it is* ce ko *it has*.

Ita ma *invalid* fuska biyu gare ta. In ka ƙarfafa gaɓa ta biyu, abin da bai inganta ba ne, kamar ƙuri'ar da ta lalace. In ka ƙarfafa ta farko, majinyaci ne da ciwo ya kwantar.

Mataki na 6: Ƙara ɗafa-goshi huɗu

*Inter* tsakani: *international* tsakanin ƙasashe, *intervene* shiga tsakani, *interrupt* katse wa mutum hanzari, *interfere* shisshigi. *Intra* a cikin abu guda: motar *interstate* tana tsallaka jiha, ta *intrastate* ba ta fita. A asibiti *intravenous* ta cikin jijiya, kamar ƙarin ruwa, *intramuscular* allurar tsoka. *Infra* ƙasa da, shi ya ba mu *infrastructure*, abubuwan da komai ke tsaye a kansu kamar hanya da lantarki da ruwa. *Iso* daga Girkanci yake, yana nufin daidai wa daida, ɗaliban lissafi sun san *isosceles*, alwatika mai gefe biyu masu tsawo ɗaya.

Mataki na 7: Bi kalmomin labarai da kotu

Kalmar da ka haɗa da wani abu da ya faru a gabanka ba ta ɓacewa. Ba Bakanon da ya ga watan Maris na 2019 da zai nemi a fassara masa *inconclusive*. Hukumar INEC ta ce zaɓen gwamna bai kammalu ba a Kano da Sakkwato da Bauchi da Adamawa da Filato da Binuwai, kalmar ta shiga bakin har wanda bai taɓa zama a aji ba. Fasa ta ka gani: *in* na korewa, da *conclusive*, mai yanke magana.

*Interim* na riƙon ƙwarya, kamar gwamnatin Ernest Shonekan daga Agusta zuwa Nuwamba 1993. *Incumbent* wanda ke kan kujera. *Immunity* kariya, ko dai garkuwar jiki daga cuta, ko kuma rigar kariyar da sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu. *Inflation* hauhawar farashi, asalinta hura iska cikin abu har ya kumbura. *Interest* ma'ana uku take ɗauka: sha'awa, maslaha, da kuɗin ruwa. *Injunction* umarnin kotu na a dakata ko a aikata. *Intestate* wanda ya rasu bai bar wasiyya ba. *In absentia* a bayan idon wanda ake tuhuma, *in camera* zaman sirri da ba 'yan kallo, ba ruwansa da kyamarar ɗaukar hoto.

*Impeach* tana buƙatar taka-tsantsan. Mu mun saba fassara ta da tsigewa, tun daga abin da majalisar tsohuwar Jihar Kaduna ta yi wa Gwamna Balarabe Musa a watan Yunin 1981. A Amurka kuwa tuhuma ce kawai da majalisar wakilai ke yi, majalisar dattawa ce ke yanke hukunci. An yi wa Bill Clinton a 1998, an yi wa Donald Trump a 2019 da 2021, kuma ba wanda aka sauke ta wannan hanyar a cikinsu. Mai fassara labarin Amurka da ya ce "an tsige" ya ɓatar da masu sauraronsa.

*Indigene*, ɗan asalin wuri, kullum tana bakinmu saboda takardar shaidar ƙaramar hukuma, amma a Ingila da wuya ka ji ta. Siffarta *indigenous* ce aka fi sani.

Mataki na 8: Shiga cikin waɗanda ba a cika ji ba

Baƙuwar kalma da labarinta ake kama ta. Wadda na fi so ita ce *impecunious*, wanda ba shi da ko sisi. A cikinta akwai *pecunia*, kuɗi a Latin, wadda ta fito daga kalmar dabbobin kiwo. Ashe Rumawan farko da garke suke auna arziki, kamar yadda makiyayi a wurinmu in ya ce dukiya shanunsa yake nufi.

*Inaugurate*, rantsarwa ko ƙaddamarwa, daga *augur* take, masu duban Rum da ke karanta tashin tsuntsaye kafin a naɗa mai mulki. *Infant*, jariri, asalinta "wanda ba ya magana". *Inculcate*, cusa tarbiyya, tana ɗauke da kalmar diddige, wato a taka abu har ya shige. *Influenza*, mura mai tsanani, Italiyanci ce mai nufin tasiri, domin mutanen da sun ɗauka taurari ne ke saukar da annoba. *Indigo*, shunin da ake samu daga baba irin na marinar Ƙofar Mata, sunansa na nufin "na Indiya" a bakin Girkawa. *Iconoclast* asali mai farfasa gumaka da hotunan ibada ne, daga rikicin Daular Rum ta Gabas a ƙarni na 8, yau kuma ana faɗa wa duk mai ƙalubalantar abin da jama'a suka ɗauka da girma. *Iota* ƙaramin harafi ne na Girkanci, shi ya sa *not one iota* ke nufin ko ƙwayar zarra.

Ga wani dangi guda. *Insula* tsibiri ne a Latin. Daga gare shi aka sami *isle* tsibiri, *isolate* killacewa, *insulate* naɗe waya don kada wuta ta fita, *insular* mai ƙuntataccen tunani da bai san waje ba, har da *insulin* na masu ciwon sukari, wanda Frederick Banting da Charles Best suka tace a Toronto a 1921, aka sa masa sunan saboda 'yan tsibiran ƙwayoyin halitta da ke samar da shi a jiki. Abin mamaki, *island* ba 'yar gidan ba ce. Tsohuwar kalmar Turanci ce da ba ta da "s", sai wajen ƙarni na 16 marubuta suka cusa mata shi don sun zaci 'yar'uwar *isle* ce. Ga dalilin da ya sa ba a furta shi.

Wasu kuma a gurguje. *Ineffable* abin da baki ba zai iya siffantawa ba. *Inexorable* wanda ba a iya tsayarwa ko lallashi. *Indelible* wanda ba ya goguwa, kamar tawadar zaɓe a farce. *Irascible* mai saurin fushi. *Intransigent* mai kafiya da ba ya sassauci. *Itinerant* mai yawo gari gari, irin ɗan koli. *Inchoate*, a furta "inkowet", abin da bai gama ƙulluwa ba. *Ignominy* kunya a bainar jama'a. *Inveigle* jan mutum da daɗin baki. *Impasse* inda sulhu ya cije. *Imbroglio*, a furta "imbroliyo", cakwakiya. *Incognito* cikin ɓad-da-kama. *Isthmus* siririyar ƙasa tsakanin ruwa biyu, kamar Suez da Panama. Turanci ya yi aro nesa ma: *imam* daga Larabci, *iroko* daga Yarabanci, *impala* daga Zulu, *igloo* daga harshen Inuwit na yankin ƙanƙara.

Shawarata a kan waɗannan ita ce ka san su don karatu, amma kada ka cika takardar neman aiki da su. *Poor* ta fi *impecunious* isar da saƙo sau tara cikin goma.

Mataki na 9: Ajiye su yadda za su zauna

Samu littafi ka raba kowane shafi gida huɗu: kalmar, yadda ta fasu, ma'anarta da Hausarka, da jimla guda da ka ƙirƙira a kan rayuwarka. Kalma biyar a rana ta wadatar. Fara yin hasashe da dokar yatsa, sannan ka buɗe ƙamus ka tabbatar, kada ka juya tsarin. Ƙamusun Turanci zuwa Hausa zai ba ka ma'ana, na Turanci zalla irin na masu koyo zai ba ka furuci da misalai, kuma kana buƙatar duka biyun.

Kada ka rubuta kalma ita kaɗai, rubuta ta da abokiyar tafiyarta: *interested in*, *insist on*, *involved in*, *inferior to*, *independent of*. A nan masu jarrabawa suka fi kama ɗalibai. Ka kuma sa alama a kan *information*, domin ba ta da jam'i, ba a ƙara mata "s", sai dai a ce *a piece of information*. Gajeren rubutun *i.e.* yana nufin "wato", kada ka sa shi a gurbin *e.g.* mai nufin "misali".

Ga gwaji na yau. Ɗauki *irrevocable*, wadda ake gani a takardun cinikin fili da na wakilci. Rufe *ir*, korewa ce. Saura *re* mai nufin komowa, da *voc* kira, da *able* mai yiwuwa. Abin da ba za a iya kiransa ya dawo ba, wato in ka sa hannu ba janyewa. Yanzu kai ma fasa *incorrigible* da *illuminate* da *intercede*, ka rubuta hasashenka kafin ka taɓa ƙamus, ka kuma faɗi wane *in* ne a cikin biyun farko.